Yadda Ake Jera Itacen Girki da Shirya Ɗaki Kafin Hunturu Ya Sauka a Kumasi

Tambaya ta zo mana daga wata Hajiya a unguwar Aboabo da ke Kumasi, mai sana'ar koko da ƙosai. Ta ce bara a watan Oktoba ta sayi itace cike da aboboya, wato babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, ta zube shi a gindin katanga ta lulluɓe da leda. Ranar da ta buɗe, rabi ya yi funfuna, gara ta cinye na ƙasa, sauran kuma ba ya ba da komai sai hayaƙi. Tana zaune a gidan haya tare da mahaifiyarta da jikoki ƙanana, kuma tsohuwar ba ta jure sanyin asuba, har sukan shigar mata da kurfoti, wato murhun gawayi, cikin ɗaki. Tana so ta san yadda ake ajiye itace, da yadda za ta shirya ɗaki kafin hunturu.

Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ƙara wa Inna lafiya. Da itacen za mu fara, amma tun yanzu ki riƙe magana ɗaya: kurfotin nan kada ya sake kwana a ɗaki. Bayaninsa na nan tafe.

Kumasi garin damina biyu ne. Babbar tana kamawa daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. Oktoba da kika yi sayayya tsakiyar ƙaramar damina ce, lokacin da ƙasa take jiƙe, iska ma take ɗauke da laima. Ɗanyen itace da aka sare bai daɗe ba, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Da kika zube shi a ƙasa, na ƙasan ya ci gaba da tsotsar danshi. Da kika rufe da leda, rana ta dafa shi, ruwan ya fito ya taru a jikin ledar, dare ya yi ya koma cikin itacen. Ɗumi da laima da duhu kuwa su ne abin da funfuna da gara suke nema. Saboda haka ba lallai mai itacen ne ya cuce ki ba, ajiyar ce ta ɓata shi.

Hayaƙin ma daga nan ya fito. Kafin ɗanyen itace ya ci, sai wuta ta fara tafasa ruwan da ke cikinsa ta kore shi, kuma wannan aikin yana cinye zafin da ya kamata ya tafi gindin tukunya. Kilo ɗaya na ɗanyen itace yana ba da kusan rabin zafin da kilo ɗaya na busasshe yake bayarwa. Wutar da ba ta yi zafi sosai ba kuma ba ta iya ƙone tururin da ke fita daga itacen, sai ya tashi a matsayin hayaƙi mai yaji, ya baƙanta tukunya, ya tara kunkunniya a rufi, ya shiga ƙirjin mai girki. Abin da ake nema shi ne ruwan cikin itace ya sauko zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka.

Hunturu shi ne mai yi miki wannan aikin kyauta. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura mai yawa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Kafin ta iso Kumasi ta rage ƙarfi, ba kamar Tamale ko Bolgatanga ba, amma tana da bushewar da za ta zuƙe itace cikin makonni. Wannan ya sa a ganinmu lissafin da ya fi dacewa da mai sana'a a garin nan shi ne: itacen da za ki jera a Disamba da Janairu, na damina ne. Shi za ki ƙona daga Maris zuwa Yuli, lokacin da busasshen itace yake wuya, hanyoyin daji suke lalacewa, gawayi yake tsada. Wanda za ki ƙona a farkon hunturu kuwa, ki saye shi a Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke, ki zaɓi wanda ya riga ya sha iska, ko mara nauyi da zai bushe da wuri.

Wajen zaɓe, nauyin itace bayan ya bushe shi ne darajarsa. Marke da ƙirya da tsamiya, waɗanda suka fi zuwa daga wajen Ejura da Atebubu da Kintampo zuwa arewa, suna ci a hankali, suna barin garwashi mai daɗewa. Su ne na tukunyar da za ta daɗe a wuta, irin ta wake. Darbejiya da kasiya da rassan tik da tsofaffin bishiyoyin koko na gona matsakaita ne, kuma sun fi sauƙin samu a nan kusa. Itacen da ake kira wawa da na rimi ba su da nauyi, suna kamawa nan take su cinye nan take, toka ce kawai ribarsu. Ba a raina su, don su ne na hura wuta da asuba da tafasa ruwan koko cikin gaggawa, amma kada ki biya kuɗin marke a kansu. Guntayen katako da ake samu a Sokoban da wajen masu injin yanka katako na Kaase da Ahinsan suna da kyau, in dai tsirara suke, ba fenti ba magani. Itacen yazawa yana da ƙaro mai ƙona fata, hayaƙinsa yana damun wasu, a bar shi ya bushe ƙwarai ko a guje shi. Kaɗanya da ɗorawa kuwa, ko da suna ci da kyau, muna roƙon kada a saye su ɗanyu. Matan arewa da man kaɗe da daddawa suke ciyar da gidajensu, kuma kaɗanya tana shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Madobiya ma gwamnati ta hana sare ta.

Kada ki jera gungume. Ɓawon itace an halicce shi ne don ya riƙe ruwa, gungumen da ba a fasa ba yana iya yin watanni cikinsa na jiƙe. Ruwa yana fita ta bakin da zarto ya yanka sau goma ko fiye da yadda yake fita ta gefe, don haka gajeren itace ya fi dogo saurin bushewa. A yanka shi kamu ɗaya, wato santimita 40 zuwa 45, a faskara shi kaurin damtsen hannu, santimita 8 zuwa 10. Ki sa a yi faskaren tun yana ɗanye, cikin mako guda da sauke shi. Marke da ƙirya in suka bushe gatari tsalle yake yi a kansu. Mai faskare ya ɗora itacen a kan wani gungume mai faɗi, kada ya sara a kan siminti, kuma ya bi tsagar da ta riga ta bayyana a bakin itacen. Mai ƙulli da ya gagara a ware shi gefe, na ranar suna ne ko biki, in an ɗora babbar tukunya. A duba ƙotar gatari kullum a wannan lokaci, domin bushewar iska tana sa ƙota ta tsuke, kan gatarin ya yi sako-sako, ya fice ya tafi inda yara suke.

Sai wurin ajiya, kuma nan ne wahalar gidan haya take, don tsakar gidan ta kowa ce. Ki nemi inda iska take ratsawa kuma rana take taɓawa, ki yi magana da mai gida da maƙwabtan ɗaki kafin a sauke kaya. In kika fuskanci alƙibla a Kumasi, iskar hunturu tana zuwa ne daga gabanki, ɓangaren hagu kaɗan. Ki sa bakunan itacen su kalli can, yadda iskar za ta shiga ta tsakaninsu ta fita ta baya. Ki bar tazarar taƙi ɗaya da rabi, kamar santimita 30, tsakanin itace da bango. Itacen da ya jingina da bango ba ya bushewa ta baya, kuma gada ce da gara za ta bi ta hau ƙyaure da katakon rufi. Tsakaninsa da murhu a samu aƙalla taku huɗu, kamar mita uku, kuma kada ya zama iska tana kwaso tartsatsi daga murhu zuwa kansa. Kada a jera a ƙarƙashin mitar lantarki ko inda wayoyi suka yi lilo. Kada kuma a toshe lungu ko ƙofar fita. Lungunanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba motar kashe gobara ba ta shiga yawancinsu, hanyar da mutane za su bi su tsira ita ce dai wannan da ake cikawa da kaya.

Gindin jeri shi ne rabin aikin. Ki share wurin, ki cire ciyawa da tarkace. Ki aza bulo shida, uku a gaba uku a baya, tsakanin kowane biyu mita ɗaya. A kan kowane bulo ki ɗora guntun kwano da ya fi bulon faɗi da yatsu uku ta kowane gefe, a lanƙwasa bakinsa ƙasa. Gara tana gina hanyarta ta ƙasa ta hau jikin bulo, in ta iso wannan kwanon sai ta fito fili, ki gan ta ki kankare. A kan bulon ki shimfiɗa dogayen sanduna biyu masu ƙarfi ko tsohon bututun ƙarfe, tsakaninsu kamar santimita 25 zuwa 30. Yanzu itacenki ya tashi daga ƙasa da santimita 15 zuwa 20, iska tana bi ta ƙarƙashi, tsintsiya ma tana shiga. Ki barbaɗa toka a ƙasan, ki riƙa leƙawa duk mako. Kada a fesa maganin ƙwari a kan itacen da za a yi girki da shi, gubar tana tashi cikin hayaƙi a kan abincin da za ki sayar wa jama'a.

Jerin kansa ana fara shi ne daga gefe biyu. A kowane ƙarshe a gina ginshiƙi: faskare uku a miƙe, uku a gicciye a kansu, uku a miƙe, haka har sama. Ki zaɓi masu faɗin ciki don ginshiƙin, su zauna daram. Tsakanin ginshiƙan biyu sai a jera sauran duka suna kallon gefe ɗaya, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kada a matse su kamar ana jera bulo, a bar 'yan kafofin da yatsu biyu za su shiga. Itace yakan fi kauri ta gefe ɗaya, don haka a riƙa juya shi, wannan kaurinsa gaba, na kusa da shi kaurinsa baya, in ba haka ba jerin zai karkata tun bai kai gwiwa ba. Duk sahu uku ko huɗu ki ja da baya ki dube shi daga gefe, ki tura shi da tafin hannu. In ya yi rawa a gyara tun a nan. Tsayinsa kada ya wuce mita 1.2, wato ƙirjin babban mutum. Gidan da akwai jikoki ma mita ɗaya ta isa, domin yaro yana ganin jerin itace tamkar tsani. In za ki yi layi biyu, ki bar taƙi ɗaya a tsakaninsu, kuma ki gitta doguwar sanda ɗaya ko biyu da za ta ratsa layukan biyu a tsakiyar tsayi, ta ɗaure su da juna. Ki sani itace yana tsukewa in yana bushewa, jerin da ya tsaya cak a Disamba yana iya sakin jiki a Janairu, sai a sake daidaita shi.

Sama kawai ake rufewa. Sahun ƙarshe a kifa shi ɓawo na kallon sama, a ɗora tsohon kwanon rufi da ya zarce jerin da santimita 15 ta kowane gefe, a ɗaga gaba kaɗan don ruwa ya gangara baya, a danne da bulo ko a ɗaure da waya. Gefuna huɗu a bar su a buɗe. Rufin yana da amfani ko a hunturu, saboda raɓa tana sauka da asuba, kuma Kumasi ba a rasa ruwan bazata a Disamba ko Fabrairu. In tampol kaɗai gare ki, ki ninke shi ya rufe sama ya sauko taƙi ɗaya, kada ya kai ƙasa.

In an yi haka, mara nauyi yakan bushe cikin mako huɗu zuwa shida na hunturu, mai nauyi irin marke yana son wata biyu zuwa uku. Ga yadda za ki gane. Ki buga biyu da juna: busasshe yana ƙara ƙwal-ƙwal, ɗanye yana yin dum. Bakinsa zai tsattsage, ɓawo ya fara saki da kansa. Ki fasa guda ki kara cikinsa a kumatu, in kika ji sanyi-sanyi da saura. A wuta kuma ɗanye yana tsuwa, kumfa tana fitowa ta bakin da ke waje. Amma gwajin da ba ya ƙarya shi ne na sikeli. Ki ɗauki faskare ɗaya daga tsakiyar jeri ki yi masa alama da gawayi, ki auna shi duk Juma'a a sikelin mai nama ko mai shinkafa. Wanda ya fara da kilo 2 yana ɗanye shar, in ya bushe zai dawo wajen kilo 1.2 zuwa 1.4. Ranar da kika auna mako biyu a jere nauyin bai ragu ba, ya gama.

Yawan da za ki saya, murhunki ne zai faɗa miki. Ki auna abin da kike ƙonawa kwana uku a jere, ki raba uku. Jeri mai tsawon mita 2, tsayin mita 1.2, da faskare mai santimita 40, yana ɗaukar kilo 400 zuwa 500 na busasshen itace mai nauyi. In kina cin kilo 10 a rana, wata uku kilo 900 ke nan, wato layi biyu irin wannan. Murhun duwatsu uku yana zubar da mafi yawan zafinsa a iska, abin da yake isa tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, kuma a hunturu iska tana ƙara kwashe harshen wutar. In aka kewaye murhun da ginin laka, aka bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar tazarar yatsa tsakanin tukunya da gini don hayaƙi ya fita, za ki ga bambanci a yawan itacen tun makon farko. Ki riƙa ɗiba daga tsohon layi kafin sabo, kuma abin kwana biyu kawai za ki kawo kusa da madafi. Mai ɗibar itace da asuba ya riƙe tocila, ya fara bubbuga jerin da sanda, domin kunama da maciji suna son irin wannan maɓoya, ɓera ma haka.

Gawayi ba shi da wannan dogon aiki. Mai kyau yana da nauyi, in an karya shi cikinsa yana sheƙi, in ya faɗi yana ƙara kamar ƙarfe. Ki sa hannu har tsakiyar buhu kafin ki biya, don akan cika ƙasa da gari a yi ado da manya a sama. A ajiye buhun a kan katako, inda ruwa ba ya taɓawa. Kurfoti mai kaskon yumɓu a ciki, irin Gyapa, ya fi na ƙarfe zalla riƙe zafi da rage cin gawayi. Abin da ba a sawa a wuta ko kaɗan: katako mai fenti, falankin da aka manne da gam, guntun turken lantarki da aka jiƙa da maganin hana ruɓewa, taya, da ledar ruwa da mutane suka saba hura wuta da ita. Ƙirare da ɓawon kwakwa da 'yan siraran faskaren wawa sun isa hura wuta. Fetur kuwa ko kusa.

Yanzu ɗakin Inna. Sanyin Kumasi a ma'auni ba mai tsanani ba ne, da asubar hunturu yakan sauko wajen digiri 20, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan. Amma jikin tsoho ba ya riƙe ɗumi kamar na yaro matashi, kuma ɗakunanmu an gina su ne don zafi: rufin kwano, daɓen siminti, taga mai falle-fallen gilashi. Kukanta gaskiya ne, maganin ne aka yi kuskure.

Gawayi yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Mutane suna cewa in gawayi ya kama ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, to ba komai. Wannan magana ta kashe mutane da yawa, don jan garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da ita, kuma yana ƙara yawanta yayin da iskar ɗakin take raguwa. In ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kamawa sau 200 da ɗoriya, sai jini ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Farkonta ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, shi ya sa ake ɗauka zazzaɓin sauro ne. Wanda yake barci kuwa ba ya jin komai, wucewa kawai yake yi. Tsofaffi da jarirai da masu ciki da masu ciwon zuciya su take fara kayarwa. Alamar da za ta tayar miki da hankali ita ce mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su tashi da ciwon kai tare, su ji sauƙi in sun fita waje. In aka tarar da wani ya galabaita, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili, a kwantar da shi ta gefe, a kira lambar gaggawa 112 ko ta motar asibiti 193, ko a ɗauke shi zuwa asibiti nan take ko da ya farfaɗo, domin oksijin yake bukata. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa manja ko madara ko ruwa, zai shaƙe. Hukuncin kurfotin nan ya hau kan kaskon da ake sa wa mai jego, da garwashin turaren wuta in za a rufe ɗaki a kwanta, da janareta a baranda kusa da taga. Jin ɗumi a tsakar gida ake yi, a fili.

Abin da zai ɗumama ta ba tare da wuta ba yana da yawa, kuma mafi yawansa yana gidan. Sanyi ta ƙasa yake fara kama mai kwanciya, siminti yana zuƙe ɗumin jiki. In a ƙasa take kwana, a shimfiɗa kwali ninki biyu, a ɗora tabarma, sannan katifa. In gado ne, a janye shi daga bango da jikin taga, a sa bargo ɗaya a ƙarƙashinta ɗaya a sama. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ce take riƙe ɗumi. A sa mata safa da hula ko ɗankwali mai rufe kunne. Minti goma kafin ta kwanta, a zuba ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa, a gora mai murfi mai kyau, a naɗe da tawul a sa cikin bargo wajen ƙafa. In tana da ciwon suga ko ƙafarta ba ta ji sosai, a cire gorar kafin ta shiga, don tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Ruwan alwalar asuba a dafa shi tun dare a zuba a filas. Wanka kuma a mayar mata da shi hantsi. Wajen sirka ruwa a fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi, kuma kada a ajiye tafasasshen ruwa a ƙasa a juya baya, a wannan lokaci ne yara suka fi ƙonewa. Jarirai a sa musu hula da safa, amma kada a tula musu bargo har ya rufe fuska. Gidan sauro ya ci gaba da aiki, sauron Kumasi ba ya tafiya hutu a hunturu.

Ɗakin kansa, ki bi shi da rana kina neman inda haske yake shigowa. Gilashin taga da ya fashe a maye shi, ko a yanka falanki daidai wurin. Tagar da take kallon arewa ko gabas a rufe ta da dare a sa labule mai kauri. Ƙarƙashin ƙofa a naɗe tsohon buhu ko zane a toshe. In babu silin, ko tabarma aka ɗaure a ƙarƙashin kwano daidai saman gado tana rage sanyin da yake saukowa, in dai ba ta taɓa wayar lantarki ko ƙwan fitila ba. Amma kada a toshe ko'ina. A bar falle ɗaya ko biyu na sama a buɗe ta ɓangaren da iska ba ta bugowa. Ɗakin da mutum biyar suke kwana a rufe ruf, mura da tari suna zagaye shi, kuma lokacin rani da ƙura ne sanƙarau yake tashi a arewacin Ghana, inda mutanenmu suke zuwa suna dawowa kullum. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya ba a kwana da su a gida.

Ƙura ba a share ta a bushe, tashi take yi ta sake sauka. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma. Barguna da rigunan sanyi da suka kwana a akwati tun bara a wanke su a shanya tun Nuwamba, don warin ajiya yana tayar da asma. Mai asma ya tanadi abin shaƙarsa kafin hazo ya sauka. Randa da duro da gasarar koko duk a rufe su, kuma ki tanadi ruwa, famfo yakan yi wasa in rani ya yi nisa. Man kaɗe a shafa shi da an fito wanka jiki bai gama bushewa ba, a ƙara a leɓe da diddige saboda faso. Yaron da ya yi haɓo a zaunar da shi ya sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti goma ba saki, kada a ɗaga kansa baya.

Bushewar da take gyara miki itace ita ce kuma take mayar da katakon rufi da labule da katifa abincin wuta. Gobarar da ta cinye kasuwar Kantamanto a Accra ranar 2 ga Janairu 2025 a tsakiyar hunturu ta faru. In kin gama tuya, a janye bakin wuta a kashe da ruwa, toka kuma a kwashe ta a bokitin ƙarfe, don rushi yana kwana da rai a cikinta har washegari, kada a zuba ta a bola ko kusa da jerin itace. Bokitin yashi ɗaya da murfin tukunya mai faɗi su zauna kusa da kaskon ƙosai. In mai ya kama wuta a rufe shi da murfin, ruwa watsa shi yake yi. Butar lantarki da hitar ruwa kowannensu yana jan wuta mai yawa, haɗa su a 'yar wayar jona ɗaya yana narka ta, kuma ba a sa hannu a bokiti hita tana ciki. In an ɗauke wuta, kyandir a kafa shi a faranti, nesa da labule da gidan sauro. Mai tukunyar gas ya shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗinsa, in ya ga kumfa tana tashi akwai yoyo, a canza tiyon. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, a rubuta ta a bango inda yara ma za su gani.

Wajen ƙarshen Fabrairu, da kin ga hazo ya fara yayewa, gajimare yana taruwa da yamma, lokacin kwashe itacen ya yi. Wanda ya bushe a mayar da shi ƙarƙashin rumfa ko baranda mai rufi, a kan bulo kamar dā. A nan kam ana iya matse shi don ya ci wuri kaɗan. Ɓangaren da feshin ruwa yake bugowa a rataya masa buhu ko tabarma, a bar sauran a buɗe. Faskaren nan da kika yi wa alama da gawayi ki bar shi a cikin jerin, ki sake auna shi a watan Mayu. In ya ƙara nauyi sosai, to rufin yana yoyo ko feshi yana isa wurin, sai a matsar da jerin ciki.